Shawarwarin da aka bayar kan jagorantar matasa zuwa aiki

A tattaunawar da aka yi kan matasan da karatu ya yanke musu, yawancin masu magana sun ce mai ba da shawara ya fara da sauraro. Kafin a kai ga takardar neman aiki, ya gano abin da ya tare yaron: rashin kuɗin mota ne, jinyar mahaifiya, ko kunyar rashin iya karatu? Wannan ya fi ratsa ni, domin yarinyar da ke rainon ƙannenta ba za ta samu zuwa horon safe ba, komai kyansa.

Wasu suka ƙara da cewa a haɗa matashi da gwani a sana'a, a kuma riƙa bibiyarsa a watannin farko na aiki, lokacin da gwiwa ta fi saurin sanyi.