Wai me yasa saƙar kayan jarirai tayi tsada haka?

Yayar mai jego:
Salam 'yan uwa, dan Allah masu saƙa ku fahimtar dani. Ƙanwata ce ta kusa sauka nace bari in sa a saƙa wa jaririn riga da wando da hula da safa da shawul, matar da aka haɗani da ita tace dubu 25, wlh saida na riƙe baki, kuɗin nan fa in na shiga gwanjo sai na ciko leda. Zare ne yayi tsada ko dai ganina tayi da sabon mayafi?

Mai kwarashi:
Hhh yaya ba mayafinki bane. Ki fara tambayarta da hannu zata yi ko da inji, don injin saƙa a wuni ɗaya zai fitar da rigar, amma kwarashi ido ɗaya ɗaya ake bi, ni shawul kaɗai yana cin min sati, ga girki ga yara, dare yayi kafaɗa kamar an dakeni. Kuma shawul ɗin nan shine ke shanye zare, safa da hula ai ragowa ma ta isa. Sannan ulu kala kala ne, akwai mai arha da ke yi wa jariri ƙaiƙayi, wanki biyu ya fara tashin gashi, mai laushin kuma yawanci daga waje ake shigo dashi, tunda dala ta haura a 2023 bai ƙara saukowa inda muka sanshi ba.

Uwar biyu:
Kala nawa kika zaɓa? Nan ma ana cin kuɗi. Ko layi biyu za'a saka na ruwan hoda dole ta sayi dunƙule guda, in kince a saƙa suna a ƙirji kuwa aiki ya ƙaru. Ga kuma lokaci, hunturu ya kama kowa neman suwaita yake, da tun damina kika bada da kin samu sauƙi.

Yayar mai jego:
Ikon Allah, kala huɗu na zaɓa fa, kuma nace nan da kwana 10 nake so.

Mai kwarashi:
To ai kin ji inda kuɗin ya tafi, aikin wasu zata ajiye tayi naki. Ki koma kala biyu, ki shiga Sabon Gari ki sayo zaren da kanki ki biyata kuɗin hannu kawai, amma ki sayo duka lokaci guda, in ya yanke a tsakiya da wuya ki sake samun kalar sak. Allah ya sauketa lafiya.