Shawarwari kan sabon faifan garmaho na wata ƙaramar ƙungiyar kiɗan rok

Aminu: Assalamu alaikum 'yan zaure. Wata ƙaramar ƙungiyar kiɗan rok mai cin gashin kanta a Amurka ta fitar da sabon faifai mai inci 7, waƙa ɗaya a kowace fuska, kuma na saurari ta farkon a Bandcamp, shafin intanet da mawaƙa ke sayar da waƙoƙinsu. Waƙar ta kwanta mini a rai, sai dai ƙarar jita ta danne muryar mawaƙin, ga kuma wani ɗan shuu da ke binta tun daga farko har ƙarshe. Ina neman shawararku kafin in biya, domin kuɗin aikowa ya fi na faifan kansa.

Malam Bashir: Wa alaikumus salam, Aminu. Wannan shuu ba aibi ba ne, shi ne salon da ake kira lo-fi, kuma masu yinsa da gangan suke barinsa. Tun da kamfanin TEAC ya fitar da Portastudio a 1979, wato rikoda mai layi 4 da ke ɗaukar sauti a kan kaset, matasa suka sami damar naɗar waƙoƙinsu a ɗakin kwana ko a gareji ba tare da biyan kuɗin situdiyo ba. Shawarata ita ce ka fara sauraron kundin waƙoƙin Bee Thousand na 1994, na ƙungiyar Guided by Voices ta birnin Dayton a jihar Ohio, wanda aka naɗi akasarinsa a kan irin wannan rikoda. Idan kunnenka ya karɓi wannan, to faifan da kake so ba zai ba ka kunya ba.

Hajiya Zainab: Na goyi bayan Malam, kuma zan ƙara da ƙungiyar Pavement ta Stockton a Kalifoniya, wadda da faifai mai inci 7 ta fara a 1989. Abin da nake so ka lura da shi, ƙanena, shi ne irin waɗannan ƙungiyoyi kwafi kaɗan suke bugawa. Ko faifan farko na ƙungiyar Nirvana da kamfanin Sub Pop ya fitar a 1988 kwafi 1,000 ne kacal. Idan ya ƙare, sai dai ka nema a hannun 'yan gwanjo a Discogs, shafin intanet na saye da sayar da faya-fayai, inda farashi ke hannun mai sayarwa.

Usman: Yaya Aminu, ka bambanta shuu na kaset da ƙas-ƙas na faifan da ba a buga shi da kyau ba; na farko za ka ji shi a intanet ma, na biyu kuwa sai allura ta sauka a kai. Ka tambayi ƙungiyar ko juyi 45 yake yi a minti ko 33, sannan ko yana da babban rami a tsakiya, domin irin wannan sai an sa masa ɗan zobe kafin ya zauna a garmaho. Idan ya iso, a tsaye za ka ajiye shi nesa da taga, saboda zafin bazara yana lanƙwasa faifai, ƙurar hunturu kuma tana cika layukansa.

Aminu: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Shin akwai hanyar da kuɗin zai fi isa hannun mawaƙan?

Malam Bashir: Akwai. Tun daga watan Maris na 2020 Bandcamp ke ware wasu ranakun Juma'a da yake yafe kasonsa ga mawaƙa. Ka duba ranar da ke tafe, amma idan shafin ya nuna saura kwafi kaɗan, kada ka jira ta.