Dajin Allah Ne Ko Na Gwamna?

Mai Amalanke: Jama'a ku taya ni ji. Jiya malaman daji suka tare ƙanena da lodin itace, busasshen marke ne da iska ta kayar, ko ɗanyen reshe ɗaya babu a ciki. Suka karɓe gatarinsa, suka ci shi tara, ba rasit. A hanyar nan kuwa motocin gawayi ke wucewa dare da rana, ba mai tsayar da su. An gama da kiryar yankinmu kaf. Ni na ce ba daji hukumar nan take gadi ba, talaka take hana shiga dajin Allah.

Tsohon Malamin Daji: Yaro, gyara maganarka. Wane dajin Allah? Gandun daji ne, an shata iyakarsa, yana cikin takarda. Kuma tun dokar mallakar filaye ta 1978, ƙasar kowace jiha amana ce a hannun gwamna.

Alaramma: Haba Baba! Akwai dajin da ba na Allah ba? Gwamna ne ya shuka marke?

Tsohon Malamin Daji: Alaramma, ba tauhidi muke ba. Duk abin da aka ce na Allah ne a garin nan, ana nufin ba mai shi, kowa ya ɗiba. Da wannan kalmar aka cinye dazukanmu. Na yi aikin nan, na ga mutum ya sare kuka don ya ciro zuma.

Alaramma: To ka ce amanar Allah, ba ka ce na gwamna ba. Gwamna shekara 8 ne iyakarsa.

Jikan Ardo: Tunda na gwamna ne, ina makiyayar da aka ware mana a dokar 1965, zamanin Sardauna? Burtalin da kakana ke bi da shanu zuwa mashaya yau dawa ce tsaye a kai. Wace hukuma ta ce uffan?

Sarkin Noma Ƙarami: Ga shi nan, an fara. Burtali burtali kullum. Waken da shanunku suka cinye mini bara, a burtali na shuka shi?

Jikan Ardo: Shanun wa? Ka gan su da idonka?

Sarkin Noma Ƙarami: Na ga kashinsu, ya ishe ni.

Bamaraɗiya: Ku yi haƙuri 'yan'uwa. Mu a Maraɗi da can manomi na tumɓuke tsiro tun yana ƙarami, don in ya girma ya zama na ma'aikatan daji, sai da izini zai taɓa shi. Da aka fara sassaben zamani a shekarun 1980, mutum ya san iccen gonarsa shi zai amfana, sai ya riƙa barin kututture ya tofo. Ku zo ku ga gawo a gonakinmu yanzu.

Ɗan Birni: Hajiya, kullum ku Nijar kun fi kowa. Mu ma muna da Yankari.

Bamaraɗiya: Ni ba gasa na kawo ba, ƙanena.

Ɗan Bauchi: Yankari tamu ce, ba "mu" ba. Tarayya ta karɓa a 1991, ta dawo hannun jihar Bauchi a 2006.

Ɗan Birni: Da ta dawo me kuka ƙara mata?

Ɗan Bauchi: Ka fara kula da dajin Falgore na Kano tukuna.

Mai Amalanke: Don Allah, ni maganar gawayi da gatarin ƙanena na kawo.

Alaramma: Baba har yanzu bai janye ba fa.

Shugaban Zaure: To, dare ya yi, bari in tattara. Abin da na fahimta, kusan kowa ya yarda daji ba ya zama ba mai tsaro, kuma Baba ya kawo doka da shekararta, wanda ba kowa ya yi ba. Ni mahaifina ya yi aikin nan da keke da albashin da ba ya kai wata, don haka ba na son a riƙa yi wa ma'aikata kuɗin goro. Maganar Hajiya ta gona ce, ba ta gandu ba. Burtali mu bar shi sai wani zaman. Mai Amalanke, ka ce wa ƙanenka ya nemi izini kafin ya sake shiga, busasshe ne ko ɗanye.

Jikan Ardo: Dokar 1965 da na kawo fa, ita ba shekara ba ce?