Faifan birki mun samu, to me za mu kira abin da ke matse shi?

Assalamu alaikum jama'a. Masu harkar mota da masu nazarin harshe, ku matso kusa, akwai aiki.

Maganar ita ce ta sauya birkin mota mai gudu a sa mata wanda ya fi girma. Abu biyu ake cirewa a kowace ƙafa: zagayayyen ƙarfen da ke juyawa tare da taya, da kuma ƙarfen da ke zaune a bakinsa yana matse shi idan an taka birki. A gareji ana ce wa na farko diski, wasu su ce rota. Na biyu kuwa kalifa ake ce masa. So nake mu tsayar musu da sunan Hausa wanda za a iya rubutawa a littafi, a kuma faɗe shi a Ƙofar Ruwa ko Panteka mai kaya ya gane.

Ba ƙin aro nake yi ba. Birki aro ne, taya aro ce, fistin aro ne, duk sun zauna daram, ba mai neman taɓa su. Waɗannan biyun ne ke da matsala. Rota ta riga ta zama sunan abin da ke juyawa a cikin altaneta, don haka suna ɗaya ya hau kan kaya biyu da ba su haɗa hanya ba. Kalifa kuma, rubuta "kalifa ya kama" ka miƙa wa wanda ba makanike ba, ka ga inda hankalinsa zai tafi: ko sunan mutum, ko littafin tarihi.

Na farko bai ba ni wahala ba: faifan birki. Hausa ta daɗe da ɗaukar faifai daga bakin ƙwarya ta ba wa na garmaho, daga baya ta ba wa na bidiyo. Duk abu mai faɗi zagayayye, kunnen Bahaushe ya saba da jin sa a matsayin faifai. Jam'insa ma a shirye yake, fayafayan birki.

Wani ɗan'uwa ya yi mini gyara, ya ce faifai abu ne siriri mara nauyi, alhali wannan baƙin ƙarfe ne na zubi da kaurinsa kan kai milimita 30. Malam, gaskiyarka a kan kauri, amma duba yadda sunan ke karɓar siffa ba tare da gardama ba. Wanda ke da fuska biyu da hanyoyin iska a tsakani: faifai mai iska. Wanda aka huda: faifai mai huji. Wanda aka yi wa layuka a fuska: faifai mai tsaga. Wanda aka haɗa daga kashi biyu don rage nauyi: faifai mai cibiyar alminiyam. Sunan da ya iya ɗaukar duk waɗannan ya cancanci zama.

Kafin mu shiga na biyu, bari mu fahimci dalilin ƙara girman, domin a nan ne rashin suna yake cutar da aljihun mutane.

Aikin birki shi ne mayar da gudu ya zama zafi. Mota mai nauyin kilo 1,500 da ke gudun kilomita 200 a awa, idan aka tsayar da ita cik, zafin da ke fitowa ya isa ya tafasa ruwa kimanin lita 7, kuma cikin 'yan daƙiƙoƙi ake zuba shi, mafi yawa a fayafayan gaba. Abin lura shi ne, idan gudu ya ninka biyu, zafin huɗu yake ninkawa. Wanda ke tsayawa daga 200 yana ɗora wa birki ninki huɗu na wanda ke tsayawa daga 100. A titi sau ɗaya za ka yi irin wannan tsayuwa ka wuce, ƙarfe ya huce. A filin tsere irin Nürburgring na Jamus, mai tsawon kilomita 20.8, kwana na bin kwana, faifai bai gama hucewa ba an sake ɗora masa. Babban faifai ya fi yawan ƙarfen da zai shanye zafi, ya kuma fi faɗin fuskar da zai sake shi ga iska. Tun asali ma abin da ya ɗaga darajar wannan birki ke nan: a 1953 Jaguar C-Type ta ci tseren awa 24 na Le Mans a Faransa da birkin faifai na Dunlop, lokacin da abokan hamayyarta ke fama da birkin duram mai riƙe zafi a ciki. Bayan shekara biyu, a 1955, Citroën DS ta fito da shi a ƙafafun gaba ga masu saye.

Amfani na biyu shi ne nisa daga cibiya. Duk yadda wurin matsewa ya yi nesa da tsakiyar ƙafa, haka ƙarfin tsayarwa ke ƙaruwa da matsi iri ɗaya. Golf GTI ta bakwai misali ce mai kyau: ta yau da kullum tana zuwa da faifan gaba mai milimita 312, wadda aka ƙara wa kayan gudu kuma 340. Ƙarin bai kai kashi 10 cikin 100 a faɗi ba, amma kauri ya tashi daga 25 zuwa 30, kuma a wajen jure zafi wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai akwai gaskiyar da nake so kowa ya riƙe. Idan birkin da mota ta zo da shi ya isa ya kulle taya, ko ya sa ABS, na'urar da ke hana taya kullewa, ya fara bugun feda, to babban faifai ba zai rage maka nisan tsayuwa ta farko ba. Iyakar a lokacin tana wurin taya da kwalta. Abin da kuɗinka ya saya shi ne tsayuwa ta goma ta zama kamar ta farko. Wanda bai san haka ba zai kashe dukiya a kan ƙarfe mai jan fenti da sheƙi alhali tayoyinsa sun suɗe, kuma wallahi wannan yana damuna, domin rai ne a ciki.

Yanzu na biyun, wato kalifa. Ga yadda yake idan ka cire ƙafa ka leƙa: ƙarfe ne da ya hau bakin faifai ya rungume shi ta fuska biyu. A cikinsa akwai fistin. Idan ka taka feda, man birki ya biyo tiyo ya turo fistin, fistin ya tura fad, wato abin da ke gogar faifai, fad ya manne da shi. Iri biyu ne. A yawancin motoci fistin ɗaya ne ta ɓangaren ciki, jikin kuma yana zamewa a kan fil biyu ya jawo fad ɗin waje. A motocin gudu ana kafe jikin da noti, a sa fistin huɗu ko shida suna fuskantar juna, irin waɗanda kamfanin Brembo na Italiya ya yi suna a kansu. Wannan kafaffen ba ya buɗewa idan matsi ya yi yawa, shi ya sa feda ke tsayawa da tauri kuma fad ke cinyewa daidai.

Sunaye da yawa sun shigo daga jama'a, kuma kowanne na auna shi.

Wani bawan Allah daga Damagaram ya kawo likkafa, ya ce kalmar Faransanci da ake amfani da ita a garejojin Nijar ma'anarta ke nan. Haka ne, kuma Jamusawa su sirdi suka ce. Dukansu siffar zama suka duba, wato abu ya hau kan abu. Ranka ya daɗe, na ji daɗin kalmar, amma a mota ƙafa feda take takawa, kuma likkafa wurin sa ƙafa ce. Ka ce wa ɗan koyo "likkafar birki", feda zai nuna maka. Sirdi kuma zai kai shi ga kujera.

Awartaki ya fi samun magoya baya, kuma Italiyawa ma kusan haka suka kira shi. Na daɗe ina juya shi. Abin da ya hana ni shi ne awartakin maƙeri yana da mahaɗi a tsakiya da hannuwa biyu masu juyawa. Wannan ƙarfen ba shi da mahaɗi ko ɗaya, mai ne ke tura fistin kai tsaye. Wanda ya koyi sunan zai koyi aikin a karkace. Inda awartaki ya dace sarai shi ne birkin keke mai kama rim, don shi yana da mahaɗi da hannuwa. Mu bar masa can.

Muƙamuƙin birki yana da hoto mai ƙarfi, amma ya yi wa baki nauyi. Ba mai kayan da zai riƙa maimaita shi daga safe zuwa yamma.

Saura biyu, kuma dukansu a kan tsarin da Hausa ke ƙera sunan kayan aiki suke, irin na mabuɗi da marufi da mariƙi: madamƙi da mamatsi. Madamƙi ya fi daɗin ji, ban musa ba. Amma damƙa sau ɗaya ce, ko ka damƙe ko ka saki. Birkin da ke damƙa birki ne mai matsala, shi ne wanda ya maƙale har ƙafa ta ɗau zafi tana wari. Matsa kuwa tana da hawa-hawa: a matsa kaɗan, a ƙara, a sassauta, kuma haka direban kirki yake yi da feda kafin shiga kwana. Ga shi kuma kalmar ta haɗa jini da matsi, wanda da shi za mu bayyana aikin man birki. Don haka ni na tsaya a kan mamatsin birki, jam'i mamatsai.

Mu gwada shi a bakin aiki mu ji. Kafaffen mamatsi mai fistin shida. Mamatsi mai zamiya. Mamatsin hagu yana yoyo. An sa mata mamatsai sababbi a gaba. Ban ji inda harshe ya yi tuntuɓe ba.

Da waɗannan sunaye biyu, gargaɗin da ya kamata a yi wa mai son sauyi yana fita a sarari. Faifai mai milimita 355 galibi rim inci 18 yake nema, kuma faɗin rim kaɗai bai isa ba, sai an duba ko mamatsi zai goga da hannuwan rim ta ciki. Yawan fistin ba shi ne ƙarfi ba, jimlar faɗinsu ce. Idan ta zarce abin da masta, wato famfon da feda ke turo mai da shi, zai iya ciyarwa, feda zai yi nisa kafin ya kama, kuma rabon birki tsakanin gaba da baya zai karkace, ƙafafun baya su daina ba da nasu kason. Faifai mai iska wani yana da hagu da dama, idan aka juya shi ba zai fitar da zafi yadda ya kamata ba. Kowane faifai kuma an buga masa iyakar kauri a jiki, da zarar ya kai nan sai canji.

Gajiyar birki ma iri biyu ce, kuma ƙafa tana bambance su. Idan feda na da tauri amma mota ba ta tsayawa, fad ne ya wuce zafin da zai iya. Idan feda ya yi laushi ya nutse, mai ne ya tafasa a cikin mamatsi. Sabon man birki nau'in DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da digiri 230, amma idan ya sha danshi ma'auninsa yana sauka zuwa 155. Mutane da yawa da ke shirin sayen babban birki, sabon mai da fad mai jure zafi ne kawai maganinsu. A kula kuma, DOT 5 ba a gauraya shi da DOT 3 ko DOT 4, amma DOT 5.1 yana shiga da su.

Saura fad ɗin kansa, wanda na bari da sunan aro tun sama. Takalmin birki ba zai yiwu ba, don na duram ne ya riga ya ɗauka. An kawo magogi, amma yana kai hankali ga buroshi. An kawo tafin birki, tunda biyu ne suna haɗuwa a kan faifai ta gefe da gefe, kuma zuwa yanzu shi ya fi kwanta mini. Iyayenmu makanikai da ke nan, musamman na Kano da Kaduna da Maraɗi, ku faɗa wa yaran gareji "ɗauko tafin birki na gaba" ba tare da ƙarin bayani ba, ku zo mana da labarin abin da suka ɗauko.