By Friday ko until Friday: wanne ake sa wa wa'adin biyan kuɗi?

Ɗan Zango:
Salamu alaikum malamai. A takardar oda da Ingilishi, in ana son a ce mai saye ya biya kada ya wuce Juma'a, me za a rubuta? Ƴan kasuwar Dole ta nan Damagaram da ke hulɗa da Legas da Guangzhou ta ƙasar Sin wasu na sa pay until Friday, wasu pay by Friday.

Mushe na Birni:
Wa alaikumus salam. Pay by Friday ne daidai. Mu da muka yi lakwal da Faransanci, kalmar jusqu'à, wato har, ce ke rinjayarmu, sai mu liƙa until ko'ina.

Ka dubi aikin da kansa. In abin da ake yi sau ɗaya ne a gama, kamar biya, aikawa, sauke kaya, by ake sawa, wato au plus tard da Faransanci, kada a wuce ranar. In kuwa abu ne mai ɗorewa, kamar jira ko ajiya, sai until: this price is valid until Friday, farashin yana nan har Juma'a. Wanda ya rubuta pay until Friday, cewa ya yi a yi ta biya ba ƙaƙƙautawa har ranar ta zo.

A kula da korewa: we will not ship until Friday ba alkawarin gaggawa ba ne. Nufinsa kaya ba za su tashi ba sai Juma'a.

Hajiya Mai Lissafi:
Mushe ya gama magana, sai ɗan ƙari. By Friday ya haɗa da Juma'ar kanta, before Friday kuwa Alhamis ce iyaka. A nan rigima ke tashi, shi ya sa na fi son no later than, wato kada ya wuce, a sa awa da kwanan wata. Watan kuma a rubuta shi da haruffa, don 03/04 a Amurka 4 ga Maris ne, a Ingila 3 ga Afrilu.

Awar ma a faɗi ta wane gari. Da Kano agogonmu ɗaya, amma Sin ta riga mu da awa 7: ƙarfe 5 na yammacinsu, 10 na safe ne a Damagaram.

Ɗan Zango:
Madalla, Allah ya saka. To within 7 days fa?

Mushe na Birni:
Amin. Cikin kwana bakwan, ko gobe ka biya ya yi. Amma in aka rubuta in 7 days, galibi ana fahimtarsa bayan kwana bakwai. Bayan within 7 days ka ƙara of the invoice date, wato daga ranar da ke kan takardar neman biya, don a san ranar da aka fara ƙirga.