Daga Kano zuwa Kumasi a mota: musayar baitoci kan takardu, hanya da masauki

Madugu:

Da sunan Allah za mu ɗaura sirdi,
Shi ke tsare bawansa kan tafiya.

Salati ga Manzo, wanda ya hore mu
Mu girmama baƙo, dare da safiya.

Hutun makaranta ya matso, 'yan uwa,
Wasu za su kai yara su ga duniya.

Mai son zuwa Kumasi da iyali a mota,
Ƙasashe 4 ke gabansa kan hanya ɗaya:

Najeriya, Binin, da Togo, da Gana,
Iyaka 3 zai ƙetare da kaya.

Me zai riƙe? Wa zai nufa in ya sauka
Garin da ba shi da ƙane, ba shi da yaya?

Jagaba, ga fili, ka fara da takardu,
Hajiya 'Yar Zango ta biyo daga baya.

Jagaba:

Na karɓa, Madugu, Allah ya ƙara girma,
Fasfo a fara nema tun ana da dama,
Na yaro daban ne, ko yana shan mama,
Duba ranar ƙarewarsa, kar ka manta.

Biza ba a biya daga Seme, iyakar Binin, har Gana,
Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta hana,
90 aka yanka wa baƙo na kwana,
In zai wuce, izinin zama zai buƙata.

Sai katin rawaya na allurar shawara,
Kwana 10 kafin tashi a yi ta, a lura,
Kafin goman nan kariyar ba ta fara,
Sau ɗaya ce a rayuwa, ba a maimaita ta.

Jariri in ya kai wata 9 a yi masa,
Katin boge na bakin tasha wannan wasa,
Sauro bai san hatimi ba, kusa ko nesa,
Ofishin lafiya na gwamnati ke bayar da ita.

Ga ramin da ake faɗawa: hatimin shiga,
Ɗan acaɓa ya ce layi ya yi tsawo a taga,
Ya bi da kai ɓarauniyar hanya, ba a buga,
Kana ganin ka ci riba, ashe ka ɓata.

A shingen Sogakofe, cikin Gana, za su buɗe shafi,
Ba hatimin Aflawo, iyakar Gana, ka zama mai laifi,
Ga tara, ga jinkiri, ga rana mai zafi,
Mota ta wuce ta bar ka da yara da mata.

Kowace iyaka hatimi 2 ake so,
Na fita a bayanka, na shiga in ka iso,
Ka duba kwanan watan kafin ka taso,
Guda 6 a zuwa, lissafi ya daidaita.

Kwafin takardun duka ya kwana a jakarka,
Na asalin a aljihu, ƙarƙashin rigarka,
In uwa ce kaɗai za ta tafi da 'ya'yanka,
Rubuta takardar yarda ta riƙe a hannunta.

Uban Dawaki:

Jagaba, sannu da aiki, ka gama naka,
Bari in shimfiɗa hanyar, gari bayan gari.

Kano zuwa Legas kusan kilomita 1,000,
Yini ne da dare, a hau da haƙuri.

A kwana a Agege ko Idi-Araba,
Akwai namu da yawa, a tashi da wuri.

Daga Mayil 2 ake hawan motar Seme,
Hanyar Badagiri shingaye ne jeri-jeri.

A isa iyaka da hantsi ko azahar,
Ƙetarawa da dare shi ne babban haɗari.

Naira ta tsaya nan, sefa ta karɓa,
Binin da Togo kuɗinsu ɗaya ne a tsari.

Canza kaɗan a Seme, na mota da ruwa,
Sauran a Kwatano, bayan ka yi nazari.

Ƙirga a hannunka kafin ka miƙa naka,
Mai gaggauta ka, yatsunsa ne masu sauri.

Bahaushen Nijar in ya ce maka "dala",
Sefa 5 yake nufi, ka san wannan sirri.

Dala 20 sefa 100 ke nan,
"Jaka" kuwa 1,000 ce, ba ragi ba ƙari.

Zemijan shi ne acaɓa mai rigar rawaya,
A gama ciniki kafin hawa, tun da fari.

Hilakonji, iyakar Togo, na wajen kilomita 100 a gaba,
Ta Wida, ga kwakwa, ga teku, ga yashi fari.

Gaɓar Togo ba ta cika kilomita 60 ba,
Lome na jingine da Aflawo, gari da gari.

A nan sefa ta huta, sidi ya amsa,
Akra na wajen kilomita 190, a yi shiri.

A 2007 aka cire wa sidi sifili 4,
Tsohuwa kan ce "dubu 10", sidi 1 ne, ba ɗari.

A Nkuruma Sakul manyan bas ɗin Kumasi suke,
Wajen kilomita 250, a hau da guzuri.

Malamin Ayari:

Uban Dawaki, ka tsallake abu guda
Mai ɓata wa baƙo salla, shi ne lokaci.

Agogon Binin daidai yake da na Kano,
Togo da Gana na baya da awa 1, a gyara don aminci.

Wayar da ba ta gyara kanta ba kan yi ƙara
Tun alfijir bai keto ba, ta yanke barci.

Wanda ya yi asuba a kanta sai ya sake,
Kiran ladanin unguwa ya fi ta inganci.

Tafiyar ta zarce mil 48, a yi ƙasaru,
Azahar, la'asar, isha, raka'a 2, rangwamen Musulunci.

In an yi niyyar kwana 4 a gari guda,
A cika salla, a Malikiyya shi ne hukunci.

'Yar Zango:

Maza, kun ƙirga hatimi, kun ƙirga dala,
Amma mota kan mutu a hanya, ga wahala,
A isa Kumasi an idar da salla,
Ɗakunan haya sun cika, an kashe fitila,
Wa zai ba mai yara 5 masauki?

Tun zamanin fatake aka kafa zango,
Ayari ya bar Kano da kanwa da bargo,
Ya bi ta Borgu, ya ratsa arewacin Togo,
Ya sauka Salaga, ya jingina kaya a bango,
Ya komo da goron Gwanja a bayan jaki.

Yaƙin Salaga na 1892 ne
Ya watsa kasuwar, ya tarwatsa mutane,
Wasu suka yi kudu, yau jikoki na zaune,
Unguwannin Aboabo, Asawase, Nima, duk namu ne,
Karɓar baƙo gado ne a wurinsu, kuma aiki.

Ga yadda ake yi: masallaci za ka nufa,
Ka bar iyali da kaya a bakin ƙofa,
Ka bi jam'i, ka jira a yi addu'a a shafa,
Ka gai da ladan, ka zauna ka tanƙwashe ƙafa,
Shi ya san liman, shi ya san mai ɗaki.

Abu 4 za ka faɗa: na farko sunanka,
Sai garinku da unguwar da aka haife ka,
Abin da ya kawo ka, da yawan kwanakinka,
Ka miƙa fasfo tun kafin a tambaye ka,
Mai ɓoye asalinsa shi ake wa tsaki.

Ladan zai kai ka gidan mai unguwa,
Ko Sarkin Zango, shi ke da rabawa,
Maza a zaure, mata ciki wurin uwa,
Kafin magana za a fara kawo ruwa,
Ko ba ƙishirwa, ka ɗan kurɓa ya taɓa baki.

Ba mu kaɗai ba, Asantawa haka suke,
"Akwaba", kujera, sai ruwa kofi cike,
Sannan a tambayi saƙon da kake riƙe,
Musabaha daga dama ake fara ta, a miƙe,
Bayarwa da hagu raini ne, a kasuwa ko biki.

Kalmar godiya ka riƙe ta kowa,
"Medase" a Kumasi, ga tsoho ga tsohuwa,
"Akpe" a Lome da Aflawo cikin kasuwa,
Mai tallan burodi da ba ta jin Hausa kuwa
Kan bar farantinta ta kai ka tasha, abin mamaki.

Hausar zango kan ce "matata ya zo",
Ka danne dariya, wannan shi ne ƙwazo,
Harshe ne da ya sha tafiya, rana da hazo,
Da shi suke wa'azi, suke yabon Manzo,
Baƙo ba ya gyara wa mai gida baki.

Jagaba:

Hajiya, Allah ya saka, ban musa miki ba,
Sai dai ba duk mai fara'a ne ɗan'uwa ba.

A iyaka akwai mai "kawo fasfon in kai ciki",
Kar ya bar hannunka in ba ga jami'i a taga ba.

Akwai mai "taimaka ka kai wa ƙanwata ƙunshin nan",
Kar ka ɗauki abin da ba ka buɗe ka gani ba.

In kwastan suka zazzage suka sami ƙwaya,
Mai jaka ake kamawa, ba mai saƙo ba.

Mutumin kirki na da rumfa, an san sunansa,
Gaban jama'a zai yi magana, ba a lungu ba.

Shi kuwa ɗan damfara sauri ne makaminsa,
Ce masa "sai na tambayi ladan", ba zai tsaya ba.

Autar Ayari:

Yayyena, ga tambaya daga ƙanwarku,
Wanda aka ba ɗaki, nawa zai yi na kwana?

Kuɗi zai bayar, ko hakan cin fuska ne?
Kuma me yara za su ci a ƙasar Gana?

Su da ba su taɓa ganin teku ba,
A bar su su shiga, ko dai a hana?

Malamin Ayari:

Auta, ingantaccen hadisi ya ba da amsa,
Liyafa kwana 3 ce, nan ta isa,
Abin da ya ɗara sadaka ce aka yi masa,
Bai halatta ya zauna har ya ƙuntata wa mai gida.

Ki sani, gidan zango galibi na haya,
Iyali guda kan raba ɗaki ɗaya,
Wani wurin har ruwan wanka sai an saya,
Ɗakin da aka bayar, wani ya kwana a baranda.

Don haka rana ta 2 a tashi nema,
Ɗakin kwana na kuɗi, daidai da dama,
Shi mai gidan ya san wurin da ya dace da zama,
Da wanda in an ambata zai ce "kada".

Kuɗi a tafin dattijo? Zai ture, ya ji kunya,
A sayo shinkafa da mai da kayan miya,
A shigar wa uwargida ta hannun yarinya,
A sa kuɗin wuta a mita, bai saɓa wa al'ada.

Tsaraba tun daga kasuwar Kurmi ake haɗawa,
Hular Kano, turaren wuta, da daddawa,
Yaji da kuka, ba sa saurin lalacewa,
Goro kam a bar shi, ƙasarsa za a, ba fa'ida.

In an iso gida a kira a ce an sauka,
A riƙe lambar, ranar Salla a yi barka,
Ɗansu in ya zo Kano karatu ko harka,
A share zaure, a tarbe shi, a tsaya masa shaida.

Uban Dawaki:

Batun ci kuwa, Auta, kwantar da hankali,
Ɗan Kano a Gana ba ya kwana da yunwa.

Da safe koko da ƙosai, "Hausa koko" suke cewa,
Gero da citta da kanumfari, ko'ina ana sayarwa.

"Waace" shinkafa da wake ce, sunan namu ne,
Karan dafi ke ba ta launi wajen dafawa.

Tuwon zafi da miyar ayoyo da dare,
Baƙin barkonon shito kaɗan ake ɗibarwa.

Nama a saya a zango, inda Musulmi ya yanka,
A gidan abincin gari a tambaya kafin zubawa.

Soket a Binin da Togo rami 2 ne, irin na Faransa,
A tafi da adafta. Na Gana irin namu ne kuwa.

Teku fa ba tafki ba ce, ba kududdufin unguwa,
A Garan Fofo na Binin da Lome igiyarta mai ja ce, mai kisa da mutuwa.

Takan kwashe yashi daga ƙarƙashin ƙafa,
Yaro kar ya wuce idon sawu, babba na riƙewa.

Wanda ta ja, kar ya yi kokawa da ita,
Ya yi iyo a gicciye har ya bar ƙarfin ruwa.

A tambayi masunta inda ake iya shiga,
Sun san wurin, kuma ba sa ɓoyewa.

Madugu:

Kun cika ayari, Allah ya yi albarka,
Saura abin kallo da shirin juyowa baya.

Juma'a a Akra, babban masallacin Kanda,
A 2021 aka buɗe shi, ginin salon Turkiyya.

Duk kwana 42, ranar wata Lahadi,
Sarkin Asante kan zauna wa jama'a a fadar Manhiya.

Lambar mai masauki a sa ta a aljihun yaro,
Kafin a shiga cunkoson kasuwar Kejetiya.

Mai sayen goro ya zaɓi mai tauri da sheƙi,
100 ake ƙirgawa, ita ake ce wa ƙwarya.

Mai ɗan huji a jiki sankara ta shige shi,
A ware shi, in ba haka ba zai shafi sauran gaba ɗaya.

A naɗe cikin ɗanyen ganye, a yayyafa ruwa kaɗan,
Ban da ɗaurarriyar leda, ban da rana a saman kaya.

Duk kwana 2 a kwance huhun a duba,
A nuna wa kwastan shi tun kafin tambaya.

Sidi a canza shi kafin a bar Aflawo,
Tsabar ƙarfe a kashe ta, masu canji ba sa saya.

Hatimi 6 na komowa su ma a ƙirga,
A Hilakonji a tura agogo gaba da awa ɗaya.