Muhawara: Shin batirin litiyam yana maye gurbin na dalma kai tsaye a motar da aka mayar ɗakin kwana?

Mai motar, daga Leeds ta Ingila: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da Mercedes Sprinter ƙirar 2018 wadda na mayar ɗakin kwana, da firij da hitar dizal da fitilu a ciki. Dukkansu suna shan wuta ne daga batura biyu na dalma, irin busassun nan da ake kira AGM, kowane 100Ah (Ah shi ne ma'aunin yawan wutar da batir yake ajiyewa), kuma wani rile ne, wato makunni mai aiki da kansa, yake haɗa su da batirin injin idan mota tana tafiya. Ba su cika shekara biyu ba, amma yanzu hitar tana mutuwa tun kafin asuba. Mai shagon da na je ya ce in cire su in sa litiyam guda ɗaya mai 100Ah a gurbinsu, wai ba sai na taɓa komai ba, mayar da wayoyi ne kawai. Shin maganarsa gaskiya ce?

Mai haɗa sola, daga Kano: Wa alaikumus salam, Malam. Mai shagon bai yaudare ka ba. Batirin dalma ba ya son a sha fiye da rabinsa, don haka batura biyun da kake gani 200Ah ne a rubuce, amma abin da kake mora ba tare da ka cuce su ba 100Ah ne. Shi kuwa litiyam irin LiFePO4 ana shan kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari nasa kullum, kuma masu ƙera shi suna ba da caji da saukewa sau dubu biyu zuwa sama, alhali AGM ɗaruruwa yake yi ya gaji. Mu nan gidajen da muke yi wa aiki, duk wanda ya koma litiyam ba ya sake tambayar batir mai ruwa.

Rewaya, daga Hamburg: Injiniya, lissafinka daidai ne, amma tambayar da Malam ya yi ba ita ka amsa ba. Gida daban, mota daban. A gida faifan sola da inbata ne suke cajin batir, kuma kana saita su yadda kake so. A mota kuwa altaneta ce, wato na'urar da inji yake juyawa ta samar da wuta, wadda aka ƙera ta don batirin tayar da inji. Litiyam da ya sauka yana zuƙar wuta gwargwadon abin da ya samu, ba ya rage ci kamar yadda na dalma yake yi idan ya fara cika, saboda haka idan aka haɗa shi da rile kawai, altaneta tana iya yin aiki da dukkan ƙarfinta tsawon lokaci, musamman a cunkoso inda inji yake juyawa a hankali kuma fankarta ba ta sanyaya ta sosai. Ga kuma wayoyin da aka ja tun farko, waɗanda mai yiwuwa ba a auna kaurinsu don irin wannan wuta ba. Kalmar "ba sai ka taɓa komai ba" ita ce ban yarda da ita ba.

Hajiya, daga Winnipeg ta Kanada: Ni ma ina da ja, amma ta wata fuskar. Ba a cajin LiFePO4 idan sanyin jikinsa ya sauka ƙasa da digiri 0, domin yin hakan yana lalata ƙwayoyinsa lalacewar da ba ta gyaruwa. Na'urar tsaron da ke cikinsa, wadda ake kira BMS, tana yanke cajin idan mai kyau ce, amma ba kowane mai araha ne yake da wannan kariyar ba. Mutumin da matsalarsa hita ce a daren hunturu, a ce masa ya sayi batirin da yake ƙin karɓar caji a cikin sanyi? Mu da muke ganin digiri 30 ƙasa da sifili, har yanzu da yawa AGM muke riƙe da shi.

Mai haɗa sola: Hajiya, Leeds ba Winnipeg ba ce, kuma batirin Malam a cikin ɗakin yake, ƙarƙashin kujera, inda hitar take ɗumama shi. Hanin ma a kan caji yake, ba a kan shan wuta ba. Yana ba da wuta har wajen digiri 20 ƙasa da sifili. Akwai kuma masu ɗumama kansu kafin su karɓi caji. Sannan kada a ɗauka na dalma yana jin daɗin sanyi, domin ƙarfinsa yana raguwa sosai, kuma idan cajinsa ya sauka ƙasa ruwan cikinsa yana iya daskarewa.

Hajiya: Motar ba kullum ake kwana a cikinta ba, Injiniya. Idan ta yi mako a ajiye a bakin titi cikin Janairu, ɗakin da waje duk ɗaya ne, kuma da safe za a tayar da ita a hau hanya, cajin ya fara nan take.

Dattijon zaure, daga Birmingham: 'Ya'yana, akwai abu biyu da ban ji an ambata ba. Na farko nauyi. AGM mai 100Ah yana kusan kilo 30, litiyam mai girmansa kuwa kilo 11 zuwa 13, kuma wanda ya samu lasisin tuƙi a Birtaniya daga Janairun 1997 zuwa yau, iyakarsa a motar dizal ita ce wadda ba ta wuce kilo 3,500 ba har da kayanta, sai in ya yi wata jarrabawar. Wanda ya zuba katako da tankin ruwa a Sprinter ya san darajar kilo arba'in da wani abu. Na biyu, kuma shi ya fi damuna, babu wanda ya tambayi abin da ya kashe batura biyun nan da wuri haka. Ba a sake zuba ruwa a tulu sai an duba inda yake yoyo.

Rewaya: Baba ya taɓo inda maganar take. Sprinter ta 2018 tana ƙarƙashin ƙa'idar hayaƙi ta Euro 6, kuma yawancin irin waɗannan motoci kwamfutar inji ce take juya altanetarsu don rage shan mai. Idan batirin inji ya kai wani mataki, sai ta saukar da wutar zuwa bolt 12 da ɗoriya, sannan ta ɗaga ta sama idan direba ya ɗauke ƙafa daga totur ko ya taka birki. AGM yana buƙatar wajen bolt 14.4 na sa'o'i kafin ya cika sosai. Rile ba ya iya ba shi wannan a irin wannan mota, faifan sola kuma a hunturun Ingila abin da yake kawowa kaɗan ne. Batirin dalma da yake zama rabi-rabi wata da watanni, gishirin salfet yana daskarewa a farantansa, ya rasa ƙarfi. Ina kyautata zaton yunwar caji ce ta kashe su, ba tsufa ba.

Mai haɗa sola: To ai hujjata ka ƙarfafa, domin litiyam bai damu da zama rabi ba, hasali ma ya fi son hakan idan za a ajiye shi.

Rewaya: Ba zai lalace ba, na yarda, amma batirin da ba ya cika ba zai kai Malam asuba ba ko da wane iri ne. Abin da motar take buƙata caja ce ta tsakanin batir da batir, irin Victron Orion mai amfiya 30, wadda take karɓar duk abin da altaneta ta bayar ta mayar da shi daidai da abin da batirin ɗaki yake so, kuma ta iyakance yawan wutar da ake ja. Da ita AGM ma zai yi shekarunsa. Idan litiyam ɗin za a sa, sai a duba cajar da ake jonawa a wutar gida, domin tsofaffi suna da wani mataki da ke haura bolt 15 don gyara batir mai ruwa, wanda bai dace da litiyam ba. A sa fiyus mai ƙarfin yankewa daf da kan batir, a kuma sa ma'aunin da ke ƙirga wutar da ta shiga da wadda ta fita, tunda bolt ɗin LiFePO4 kusan wuri ɗaya yake tsayawa, wajen 13, har sai ya kusa ƙarewa. Kuma kada a haɗa sabo da tsoho a layi ɗaya, balle litiyam da dalma.

Mai motar: Na gode ƙwarai. Na sa mita a batirin inji muka zagaya gari da ɗana yana karanta mini: a miƙaƙƙiyar hanya 12.4 take nunawa, idan na ɗauke ƙafa sai ta haura kusan 15. Zan fara da cajar.

Hajiya: Idan ka sa cajar, sabbin AGM biyu sun ishe ka, kuma ka huta da fargabar sanyi.

Mai haɗa sola: Ni dai ina nan kan litiyam, Hajiya, sai dai in gyara wa mai shagon abu ɗaya. Guda ɗaya mai 100Ah abin da zai ba Malam bai kai abin da batura biyunsa suka ba shi suna sababbi ba. Firij kaɗai yana iya cin 30 zuwa 40Ah a yini, ga hita da take jan kusan amfiya 10 duk lokacin da za ta kunnu. Malam, ka rubuta mana abin da kowace na'ura take ci da sa'o'in da take aiki, mu gani ko 200Ah ya kamata ka nema, kuma mai ɗumama kansa.